Hajiya ba ta gani sosai, ga 'yan damfara: yaya zan haɗa mata WhatsApp?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta haura shekara 70, idonta ya yi rauni. Mun saya mata Tecno don ta riƙa gaisawa da ƙanena da ke Saudiyya, amma hankalina bai kwanta ba, domin kwanan nan aka ƙwace WhatsApp ɗin maƙwabciyarmu. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Batun ido mai sauƙi ne. Ki shiga Settings ki kai girman rubutu ƙarshe, a WhatsApp ma ki shiga Chats ki zaɓi Large. Ki koya mata saƙon murya: ta danne makirufo ta ja sama, sai ya kulle, ba sai ta riƙe ba. Idan ganin ya yi ƙasa ƙwarai, ki kunna TalkBack (mai karanta rubutun waya da murya) a Accessibility cikin Settings na waya: taɓawa ɗaya waya ta karanta, biyu ta buɗe, gungurawa da yatsu biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu raina lambar da WhatsApp ke turowa layi lokacin rajista, suna cewa "ai lamba ce kawai". Wai kutse aka yi! Mafi yawan lokuta babu wani kutse, mai wayar ce ta miƙa makullin da hannunta. Wani ya kira da ladabi, "Hajiya, za mu saka ki a zauren tallafi, karanto mini lambobi shidan da suka shigo." Tana karantawa, ya buɗe asusunta a wayarsa, ya fara roƙon 'yan uwa kuɗi da sunanta. Mai raunin ido ta fi shiga haɗari, don takan miƙa wa duk yaron da ke kusa ya karanta mata. Haka masu kai waya wurin mai caji ya "buɗe mata komai", ya riƙe imel da kalmar sirri, su tafi suna godiya. Babu banki, babu kamfanin layi da zai nemi wannan lamba, ko OTP (lambar sirri ta amfani sau ɗaya), ko PIN.

A Settings na WhatsApp, ki shiga Account, ki kunna Two-step verification (ƙarin makulli na biyu), ki sa PIN mai lamba 6 da imel ɗinki. Ki duba Linked devices, ki fitar da duk na'urar da ba ki sani ba. Layin kuma ya kasance da NIN ɗinta aka yi rajistarsa.

Maƙwabciyarku kuwa, sai ta sake rajistar WhatsApp da layinta, ɓarawon zai fita. Idan ya riga ya sa PIN, sai ta jira kwana 7.