Tambaya da Amsa: Me ya kai Faransawa yankin Kef na Turawan Holan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yawan jin sunaye irin su Du Plessis da De Villiers da Joubert a cikin Turawan Afirka ta Kudu, an kuma ce mini sunayen Faransawa ne. Mu abin da muka sani shi ne mutanen Holan ne suka fara kafa mulkin mallaka a can. Yaya aka yi Faransawa suka shigo ciki? Daga wani makaranci a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka, malam. Masu waɗannan sunaye zuriyar Hugenot ne, wato Kiristocin Faransa mabiya ɗariƙar Furotesta. Tun 1598 dokar da Sarki Henri na huɗu ya kafa a birnin Nantes ta ba su damar yin addininsu, amma a 1685 Sarki Louis na 14 ya soke ta, aka rusa majami'unsu, aka kori limamansu, sai kimanin mutum dubu 200 suka yi hijira zuwa Holan da Ingila da wasu ƙasashe.

A daidai lokacin, zangon da kamfanin cinikayya na Holan, VOC, ya kafa a Kef, inda birnin Cape Town na Afirka ta Kudu yake a yau, a 1652 ƙarƙashin Jan van Riebeeck, don samar wa jiragen ruwa masu zuwa Asiya ruwan sha da nama da kayan lambu, yana fama da ƙarancin manoma. Kamfanin ya yi wa 'yan gudun hijirar tayin kai su kyauta, da ba su gona, da bashin iri da kayan aiki, bisa sharaɗin su yi masa mubaya'a su kuma zauna aƙalla shekara biyar. Yawancinsu sun sauka a 1688 da 1689, kuma ba su cika mutum 200 ba.

Kada ƙanƙantar adadin ta ruɗe ka, domin Turawan da ke zaman kansu a Kef 'yan kaɗan ne, ga shi kuma baƙin sun zo da mata da yara a wurin da matan Turawa suka yi ƙaranci. Simon van der Stel, shugaban yankin, ya yanka musu gonaki a Drakenstein da kwarin da a yau ake kira Franschhoek, inda har yanzu akwai gonaki masu sunayen Faransa kamar La Motte da La Provence. Ana yawan cewa su suka kawo noman inabi, amma wannan zuzutawa ce, tunda an matse inabin farko a Kef tun 1659. Abin da wasunsu suka kawo shi ne ƙwarewa.

Kamfanin dai aikinsu yake so, ba harshensu ba. Da gangan aka cuɗanya gonakinsu da na mutanen Holan, kuma da suka je da limaminsu Pierre Simond neman majami'a tasu ta kansu a 1689, van der Stel ya fatattake su, ko da yake daga baya shugabannin kamfanin sun amince. A 1701 aka ba da umarnin koyarwa da harshen Holan a makaranta, auratayya ta ƙarasa sauran, kafin ƙarshen ƙarni na 18 Faransanci ya ɓace daga bakin jikokinsu.

Su kuwa gonakin da aka raba musu makiyayar al'ummar Khoikhoi ce, waɗanda aka ture daga ƙasarsu, annobar agana ta 1713 kuma ta yi musu mummunar ɓarna. Da yawa daga cikin mutanen da suka gudo daga zalunci sun zama iyayengijin bayi da aka kwaso daga Madagaska da Indiya da tsibiran Indonesiya.