Me ya haɗa bauta da fafutukar 'yancin mata a Amurka?

Tambaya: Malama, na lura duk sa'ad da baƙaƙen matan Amurka masu rajin kare haƙƙin mata suka buɗe baki, sai sun koma kan zamanin bauta. Abin da aka soke tun 1865, me ya hana a bar shi ya kwanta?

Amsa: Ai a can aka raba kalmar "mace" gida biyu. A 1662 majalisar Virginia ta kafa doka cewa yaro matsayin uwarsa yake bi: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da ubangijinta ne ya yi cikin. Wanda ya san hukuncin ƙwarƙwara a fiƙihu, inda abin da ta haifa wa ubangijinta ɗa ne ba bawa ba, zai ga nisan lamarin. A Virginia mutum na iya kai ɗan cikinsa kasuwa. Da aka hana shigo da bayi a 1808, sai haihuwar baiwa ta zama jari.

To, kukan Baturiya mai hali shi ne an killace ta a gida, an ce ba ta da ƙarfin komai. Baiwa kuwa tun asuba tana gonar auduga, ba wanda ya taɓa ce mata ta huta don ita mace ce. Wannan ne Sojourner Truth, wata baƙar mace da ta taɓa zama baiwa, ta tsaya ta faɗa a taron mata na garin Akron a 1851, cewa ta yi noma, ta yi girbi kamar kowane namiji. Abin takaici, jawabin nata da ya fi yaɗuwa wata Baturiya ce, Frances Gage, ta sake rubuta shi a 1863, ta sa mata karin harshen bayin Kudu, alhali Truth 'yar jihar New York ce, da harshen Holan ta tashi.

Shi ya sa Angela Davis, baƙar marubuciya 'yar fafutuka, a littafinta na 1981, ta dage cewa ba a raba batun jinsi da launin fata da talauci. Ni ma nan na tsaya. Baƙar mace ba neman izinin fita aiki take ba, ta daɗe tana wanke-wanke da raino a gidan wata.

Ko kotu ma abin ya shige mata duhu. Wasu baƙaƙen mata biyar sun yi ƙarar kamfanin motoci na General Motors kan sallamarsu daga aiki. A 1976 kotu ta ce su zaɓi ɗaya, ko wariyar launi ko ta jinsi, ba a haɗa biyun. Da wannan shari'ar Kimberlé Crenshaw, malamar shari'a, ta kafa hujja a 1989, ta kwatanta irin waɗannan mata da wanda aka buge a mararraba, kowane direba na cewa ba shi ba ne.