Wayar ta Inna ce, amma a hannun yaro take kwana

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce shugaban makarantarku ya ɗora miki koya wa 'yan aji huɗu ladabin intanet, ke kuma kina mamakin me za a koya wa yaran da ba su da waya. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da na ce duk wanda ya taɓa waya daren jiya ya ɗaga hannu. Saura kaɗan ajin duka ya ɗaga. Wayar ta inna ce ko ta yaya, amma da an yi isha'i tasu ce.

Shekarata 11 ina koyarwa a nan Sakkwato, daga Mabera zuwa Arkilla, kuma shawarata ita ce kada ki kawo musu abin a matsayin baƙon darasi. Yaronmu ya riga ya san ba a shiga gida babu sallama, ba a bin baƙo don ya nuna alewa, ba a gaya wa mai wucewa cewa baba ya yi tafiya. Daga nan nake kamawa, in ce musu waya ma ƙofar gida ce, kowa na iya ƙwanƙwasawa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lambar nan mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke turowa don tabbatar da mai layi in za a buɗe shi a waya. Mahaifiyar wata ɗalibata tana kan girki, wani ya kira ya ce daga ƙungiyar iyaye ne, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Yarinya ta karanta tsaf, don an koya mata ba a yi wa babba gardama. Kafin magariba an ƙwace WhatsApp ɗin, ana ta roƙon dangi kuɗi da sunan uwar. Tun daga lokacin muke yin wasa a aji: ni ce mai kira, in yi murya mai daɗi, in tambayi suna, unguwa, makaranta ko lamba. Amsa ɗaya ce: "Bari in kira Inna." Sai da muka yi makonni kafin su yarda cewa wannan ba rashin kunya ba ne. Wallahi nan ne aikin yake.

Batun mutunta mutane kuwa, Islamiyya ta rage miki aiki. Ki tuna musu Suratul Hujurat: aya ta 11 ta hana izgili da laƙabin banza, ta 12 ta hana gulma, ta 6 ta ce a bincika labari. Sai ki haɗa da abin da suke yi, kamar ɗaukar hoton wanda barci ya kwashe ko tura muryar da aka kwaikwayi mai in'ina. Nakan raɗa wa yaro ɗaya magana, ta zaga aji, sannan in ce ya dawo min da ita. Su yi ta dariya, amma sun gane.

Iyaye kuma ki same su a taron iyaye da malamai. Da yawa ba su san Facebook da TikTok ba sa yarda mai ƙasa da shekara 13 ya buɗe shafi ba, har su ne ke ƙara wa yaro shekaru. Akwai YouTube Kids, wato manhajar bidiyo ta YouTube da aka yi don yara, ga mai so. Amma roƙona gare su kullum shi ne kada a daki yaron da ya zo ya ce ya ga abin banza ko wani ya turo masa saƙo, don in aka dake shi yau, gobe ɓoyewa zai yi.

Ki fara da wasan kiran nan, minti 10 ya isa. Ba sai kin nemi waya ba, mu da abin goge allo muke yi.