Tambaya da Amsa: Yaya ƙasar Navajo ke sayar da wutar sola alhali gidajenta na kwana a duhu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai aikin haɗa sola ne. Na ji cewa al'ummar Navajo, waɗanda ke cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, suna da babbar gonar sola, amma dubban gidajensu ba su da wutar lantarki. Yaya aka yi haka? Me zai hana a kafa wa kowane gida faifan sola da batir a huta? Kuma da ake cewa su tsaya da ƙafarsu a harkar makamashi, me ake nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Ƙasar Navajo, wadda ake furtawa Nabaho, ta ratsa jihohin Arizona da New Mexico da Utah, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 71,000. A 2019 hukumar wuta da ruwa ta al'ummar, NTUA, wadda aka kafa a 1959, ta ƙiyasta cewa gidaje kusan 15,000 ba su da wuta. A wannan shekarar ne kuma aka kammala kashi na biyu na gonar sola ta Kayenta, wadda jimillar ƙarfinta ya kai megawat 55.

Sai an koma baya kaɗan za a gane ciwon. Tun daga shekarun 1970 har zuwa Nuwamban 2019, akwai tashar wuta mai amfani da kwal kusa da garin Page, mai ƙarfin megawat 2,250, a kan ƙasar Navajo. Kwal ɗin daga tudun Black Mesa ake haƙo shi, a ƙasar Navajo da ta maƙwabtansu, al'ummar Hopi. Wutar ta tafi manyan birane, wani kaso kuma shi ke tura ruwan kogin Colorado zuwa biranen Phoenix da Tucson. Manyan wayoyi suna wucewa ta saman gidajen da ake kunna fitilar kananzir. Ga kuma dokar da ake kira Bennett Freeze, wadda daga 1966 zuwa 2009 ta hana gine-gine da gyare-gyare a fili mai eka miliyan ɗaya da rabi saboda rikicin iyaka tsakanin Navajo da Hopi. Shekara arba'in da uku ba a kafa falwaya a can sai da izini mai wuyar samu. Idan mutanen nan suka ce a yi musu adalci a sabon makamashi, wannan tarihin suke nufi: kada a sake ɗaukar arzikin ƙasarsu a bar su da duhu.

Gonar sola irin ta Kayenta tana zuba wutarta ne a babban layi. Gidan da layi bai je ba, ko gonar na bayan dangarsa, ba zai ga komai ba. Kai layin kuwa shi ne tsadar. Gidajen a warwatse suke, wani yana da nisan kilomitoci daga maƙwabcinsa, kuma NTUA ta sha faɗin cewa haɗa gida ɗaya yana cin kimanin dala 40,000. Kafin a haƙa ramin falwaya ɗaya, mai gida sai ya sami takardar hayar filin da yake zaune a kai. Sai masu binciken kayan tarihi da na tsirrai da dabbobi su bi hanyar da wayar za ta bi. Sai izinin wucewa, wanda ke shiga hannun ofishin gwamnatin tarayya mai kula da harkokin 'yan asalin ƙasa, domin a doka gwamnatin tarayya ce ke riƙe da filin amana. Sannan a yi wayarin na cikin gida, a duba shi, kafin taransifoma da mita su zo. Takardun nan kan ɗauki lokaci fiye da aikin kansa. Shirin Light Up Navajo, da aka fara a 2019, inda ma'aikatan kamfanonin wuta na wasu jihohi ke zuwa taimako, ya haɗa gidaje sama da 200 a shekararsa ta farko. Ka auna wannan da 15,000.

To, sola a kowane gida fa? Ana yi, kuma ga gidan da ke nesa da layi shi ne mafita. Sai dai mu yi lissafin, tunda sana'arka ce. Gida mai firij ɗaya, fitilu, talabijin da cajin waya yana shan kamar yunit 4 a rana. Da hunturu ka ɗauka ana samun rana mai ƙarfi ta awa huɗu da rabi. Ka cire kashi 25 cikin ɗari na asarar waya, ƙura, kwantirola da inbata. Lissafin zai ba ka kusan kilowat 1.2 na faifai, amma mai hankali zai sa kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu, domin batirin ya samu cika bayan kwanakin hadari. Idan ana son gidan ya jure kwana biyu ba rana, ana buƙatar yunit 8 a ajiye. Batirin ruwa ba a shan fiye da rabinsa, don haka sai mai yunit 16. Na litiyam ana iya shan kashi 80 zuwa 90, mai yunit 10 ya wadatar.

Inda abin ke lalacewa, kusan kullum batir ne. Ƙasar Navajo tudu ce, mafi yawanta sama da mita 1,500, kuma da hunturu ruwa na daskarewa. Batirin litiyam idan aka caja shi a sanyin da ya kai ƙasa da sifili, ƙarfen litiyam yana taruwa a jikin farantinsa na ciki, ƙarfinsa ya ragu har abada. Dole a ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, ko a sayi mai na'urar ɗumama kansa, wadda ita ma tana shan wuta. Batirin ruwa kuwa yana son a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, kuma idan ya kwana biyu a sauke bai cika ba, gishirin dalma ya kama farantansa, shi ke nan. Sai kuma na'urar ɗumama ɗaki: guda ɗaya mai wat 1,500 idan ta yi awa uku ta shanye yunit huɗu da rabi, wato fiye da abincin gidan na yini guda. Ba laifin mai gida ba ne, sanyi ne ya kore shi. Laifin na wanda ya kafa kayan ne bai tsara ɗumamar ɗaki da itace ko gas ba. Haka firij da famfon ruwa, suna fizgar wuta ninki uku zuwa biyar lokacin tashi, ƙaramin inbata sai ya riƙa yankewa.

Duk waɗannan ana gyara su, idan akwai mai gyara. Kayan da aka kawo kyauta aka ɗauki hoto aka tafi, in fis ya ƙone ko batir ya mutu a shekara ta biyar, wa za a kira, kuma da kuɗin wa? Shi ya sa tsarin da NTUA ke bi ya fi ɗorewa: hukumar ce ke da kayan, mai gida yana biyan kuɗi duk wata, ita kuma gyara da canjin batir na wuyanta. Kai ma ka san wannan a ƙauyukanmu, rijiyar sola nawa ce ta tsaya saboda babu asusun gyara?

Game da tsayawa da ƙafa, misalin da ya fi fito da ma'anar yana Kanada. Old Crow ƙauye ne na al'ummar Vuntut Gwitchin a arewacin Yukon, mutanensa ba su wuce ɗari uku ba, babu hanyar mota, man dizal ɗin janareto ma a jirgin sama ake kai shi. An kafa sola mai kilowat 940 da batir mai yunit 616, ya fara aiki sosai a 2021, kuma an tsara shi ya rage kusan lita 190,000 na dizal a shekara, wato kamar rubu'in wutar da garin ke sha. Rubu'i kawai, domin garin yana arewacin da'irar Aktik, da hunturu rana kusan ba ta leƙowa. Janareto na nan daram. Abin da ya canja shi ne mallaka: al'ummar ce ke da gonar solar, kamfanin ATCO mai rarraba wutar garin yana saye daga hannunsu bisa yarjejeniyar shekara 25, kuɗin yana zama a gida.

Akwai darasin fasaha a nan da ya kamata mai haɗa sola ya riƙe. Janareton dizal ba ya son aiki da nauyin da bai kai kashi 30 na ƙarfinsa ba. Man ba ya ƙonewa duka, ya taru a salansa, injin ya lalace. Saboda haka idan ka haɗa sola mai yawa da janareto ba batir, dole ka zubar da wutar rana don injin ya samu nauyi. Batirin da inbata mai iya riƙe layi da kansa su ne ke ba da damar kashe janareto gaba ɗaya da rani, su kuma tare giɓin idan gajimare ya gifta kafin injin ya tashi. Faifan Old Crow ma an jera su ne wasu na kallon gabas wasu yamma, don a bi doguwar ranar bazara da ke zagaya sama.

Mallaka kuwa kuɗi take so, kuma a nan 'yan asalin Amurka suka daɗe a ɗaure. Filin amana ba a jinginar da shi a banki. Tallafin sola na gwamnatin tarayya kuma rangwamen haraji ne, gwamnatocin ƙabilu ba sa biyan wannan harajin, don haka a da kamfanin waje ne ke mallakar aikin ya karɓi rangwamen, su kuma su tashi da kuɗin hayar fili. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ba su damar karɓar rangwamen a matsayin tsabar kuɗi, sai dai wata dokar ta 2025 ta gajarta wa'adin tallafin sola da iska, ayyuka da dama suka shiga tsere da lokaci.

Idan ka sake jin an buɗe wani aikin sola a ƙasar 'yan asali, abubuwan da za ka duba su ne sunan wa ke kan takardar mallaka, nawa ake sayen yunit ɗaya kuma na shekara nawa, kashi nawa na ribar aka ware don kai layi gidajen da ba su da shi, 'ya'yan garin nawa aka koya wa gyara, da kuma ko an buɗe asusun canjin batir da inbata, waɗanda za su buƙaci sauyi cikin shekara 10 zuwa 15, tun faifan suna da sauran rabin rayuwarsu.