Tambayoyinku kan fasaha: wace DAC ce ta dace da kayan sautin falo?

Tambaya daga Ƙofar Kaura, Katsina: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar amfilifaya 'yar Japan da manyan lasifikoki biyu da na gada wurin mahaifina. Ina jona ta da laftof ta kafar da ake sa abin kunne, amma sautin ba shi da ƙarfi, kuma akwai wani "shiii" a ƙarƙashinsa. An ce in sayi DAC. Mece ce ita, kuma wacce zan nema?

Wa alaikumus salam, Malam. Duk waƙa ko karatun da ke cikin kwamfuta lambobi ne zalla, lasifika kuwa ba ta san lamba ba, wutar lantarki mai hawa da sauka ce ke motsa ta. DAC ita ce na'urar da ke mayar da lambobin su zama wannan wutar. Akwai ta a cikin laftof ɗinka, da wayarka, da talabijin ɗinka. Sai dai ta cikin laftof ƙarama ce, an cusa ta kusa da fanka da hanyoyin caji, shi ya sa take kwaso ƙarar da kake ji. Kuma kafar abin kunne ba ta cika ba da fiye da bolt 1 ba, alhali na'urar faifan CD tana ba amfilifaya kusan bolt 2. Nan raunin sautin ya samo asali. A halin da kake ciki, DAC ta waje za ta yi maka amfani na gaske.

Kafin ka je kasuwa, juya amfilifayar ka duba bayanta. Za ka ga kafofi bibbiyu, fara da ja, waɗanda ake kira RCA, da rubutu a kan kowace: AUX, CD, TUNER, TAPE, wataƙila da PHONO. Kowacce a cikin huɗun farko za ta karɓi DAC. PHONO kam kada ka kusance ta. An yi ta ne don allurar faifan garmaho, wadda wutarta ba ta wuce 'yan milibolt ba, don haka tana ninka abin da ya shigo kusan sau 100, tana kuma ƙara bes da gangan. In ka jona DAC a nan, sauti zai fashe, lasifika ma tana iya tafiya.

Sai ka lissafa abubuwan da za su riƙa ba DAC ɗin sauti. Laftof da waya USB suke so. Talabijin da dikoda galibi kafar haske suke da ita, wata 'yar murabba'i da ke fitar da jan haske, an rubuta OPTICAL ko TOSLINK. Tsofaffin na'urorin CD da DVD kuma sukan zo da COAXIAL, kafa guda mai kama da RCA, sau da yawa ruwan lemo, wadda ke son igiya mai om 75. Shawarata ka sayi mai dukkan ukun, da maɓallin sauyawa tsakaninsu, ko da yau laftof kaɗai kake jonawa. Kamfanoni irin su Topping, SMSL, FiiO da Schiit suna da irin wannan a tsakanin dala 100 zuwa 200, kuma ga amfilifaya irin taka ba na ganin dalilin wuce haka. In kuɗi sun ragu, a kai lasifikokin wurin mai gyara ya duba soson da ya zagaye bakinsu, don zafin Katsina yana ruɓar da shi, kuma gyaransa zai fi sauya sauti fiye da DAC mai tsada.

Abu ɗaya kuma: wasu DAC ɗin ba su da maɓallin rage murya, suna fitar da cikakken ƙarfinsu kullum. Tunda amfilifayarka tana da nata, ba damuwa. Wanda zai jona kai tsaye da lasifikoki masu wuta a jikinsu shi ne zai tabbatar akwai wurin ragewa kafin ya kunna.

Tambaya daga Daura: Ɗana ya haɗa mini talabijin da rediyon falo ta wata 'yar na'ura mai igiyar haske. Wasu tashoshin suna fita lafiya, wasu kuma sai ƙara kamar ana soya abu, ko shiru ɗungurungum. Ta lalace ne?

Hajiya, lafiyarta ƙalau. Irin waɗannan na'urori sauti mai hanya biyu, hagu da dama, kaɗai suke ganewa, wanda ake kira PCM. Wasu tashoshi da finafinai suna aiko da Dolby Digital, mai hanya har shida a dunƙule, ita kuma ba ta iya kwance shi. A shiga saitin sauti na talabijin, a nemi inda ake zaɓar irin sautin da ke fita ta kafar haske, a ɗauke shi daga Auto a mayar PCM. In akwai dikoda, ita ma a yi mata haka. A kuma duba bakin igiyar: sabuwa tana zuwa da 'yar hular roba da ake mantawa ba a cire ba, kuma ƙurar hunturu tana dushe hasken. Kada a lanƙwasa ta sosai a bayan kabad.

Tambaya daga wani ɗalibi a Ƙofar Marusa: Na ga wata an rubuta mata 32-bit/768kHz, wata kuma 24-bit/96kHz. Ta farkon ta ninka ta biyun kyau sau takwas ke nan? Da waya zan riƙa amfani.

A'a, ƙanena. Ba girin-girin ba dai, a yi mai. Faifan CD yana kan bit 16 da kilohaz 44.1, wato ana auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa, kuma hakan ya isa ya ɗauke duk abin da ke ƙasa da haz 22,050. Kunnen yaro mai lafiya iyakarsa wajen haz 20,000, yana kuma raguwa da shekaru. Bit 16 na ba da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi ƙarfinsa, abin da falon da fanka ke juyawa a ciki ba zai taɓa bari ka ji ƙarshensa ba. Ga shi kuma yawancin wayoyin Android sukan mayar da duk sautin da za su fitar zuwa kilohaz 48, sai in manhajar da kake amfani da ita ta kauce wa hakan. Haka ma sunan kamfanin da ya ƙera ƙwayar lantarkin da ke cikin DAC ɗin, ESS ne ko AKM ko Cirrus Logic: duk suna da kyau, bambancin yana wurin yadda aka gina abin da ya kewaye su, musamman ɓangaren wuta da na fitar da sauti.

Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne me ke cikin memorinka. In waƙoƙin da aka turo maka ta Xender ne, MP3 mai kilobit 128 da aka kwafo daga kaset, an riga an zubar da mafi yawan bayanan, domin CD yana kan kilobit 1,411 ne a daƙiƙa. Furar da aka tsinka da ruwa, sauya mata ƙwarya ba zai dawo da kaurinta ba. DAC mai kyau ma ƙara tona asirin irin wannan fayil take yi. Nemi MP3 mai 320, ko FLAC, irin fayil ɗin da ba a zubar masa da komai ba, in kana da wuri. Waƙar minti 4 da ke cin kusan megabait 4 a kan 128 tana iya cin 25 ko fiye a FLAC.

Ga waya, fara da ƙaramar DAC mai kamar jela da ake sokawa a kafar USB-C, ka haɗa ta da igiya mai kan abin kunne a gefe guda, RCA biyu a ɗaya gefen. Wasu wayoyin, irin su Tecno da Infinix, sai ka kunna OTG a saiti kafin su gan ta. Ka sani kuma tana shan batirin wayar, ta kuma tare kafar caji. In Bluetooth kake so, nemi mai karɓar LDAC, wani tsarin aika sauti ta Bluetooth, wanda ke kai kilobit 990 kuma yana cikin Android tun siga ta 8. Tsarin Bluetooth na yau da kullum, SBC, iyakarsa wajen 328.

Tambaya daga Sabuwar Unguwa, Katsina: Na sayi DAC, na jona da kwamfuta ta USB. Da zarar an ta da janareta ko an koma kan inbata sai lasifika ta kama ƙugi. In mayar musu?

Dakata tukuna, Alhaji, a gano mai laifin. Zare cajar laftof ka bar ta kan batiri. In ƙugin ya ɗauke, ta igiyar USB ƙazantar wutar ke bi ta shiga. Magani mafi sauƙi shi ne kwamfuta da DAC da amfilifaya su sha wuta daga soket ɗaya, sannan a raba igiyoyin RCA da na wuta, kada tsawonsu ya wuce mita ɗaya da rabi. In abin da kake jonawa yana da kafar haske, koma kanta: ba ƙarfe a cikin igiyar, don haka wuta ba ta da hanyar tsallakawa, kuma tana ɗaukar har bit 24 da kilohaz 96 ba wahala. In DAC ɗin bolt 5 take sha ta wata kafa daban, gwada ba ta wuta daga fawa bank. In ta yi tsit, cajar da kake ba ta ce mai arha, sauya ta.

Saurari irin ƙarar ma. Ƙugi mai kauri, mara sauyawa, na haz 50 ne na wutarmu, alamar matsalar wayar ƙasa. Mai kaifi kamar kukan zuma kuwa, wanda ba ya zuwa sai a kan inbata, yana nuna inbatar ba ta ba da wuta mai santsi, irin wadda ake rubuta wa pure sine wave. Wannan ba DAC ɗin da za ta gyara shi, har tiransifomar amfilifayar za ka ji tana kuka tana zafi. Kada wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ƙugi ya tafi. Ita ce ke kare ka in wuta ta taɓa jikin ƙarfen. Wanda kuma zai sayi DAC ta gwanjo ya karanta rubutun da ke kusa da inda igiyar wuta ke shiga: in 120V kaɗai aka rubuta, ta Amurka ce, wutarmu mai 230 za ta ƙone ta nan take. Wadda aka rubuta wa 100–240V ita ce za ta zauna lafiya a nan.