Tambaya da amsa: zan iya yi wa biren bos ɗin motata rimaf da kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum oga. Ina da Mercedes C250 'yar 2012, Beljiyam na saye ta bara. Na ga bidiyo ana jona laftof da mota a sauya mata lissafin biren bos, wai ƙarfi ya ƙaru kuma shan mai ya ragu. Na riga na yi odar kebul ɗin daga Chana, kuma wani ya turo min fayil kyauta ya ce na irin motata ne. Akwai matsala in na yi da kaina? Wallahi mai ne ya ishe ni. Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Don Allah in kebul ɗin ya iso ka bar shi a kwalinsa tukuna. Na san zafin da kake ji, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kusan duk wanda ya shigo garejina maganarsa kenan, a rage wa mota shan mai, to amma hanyar da ka ɗauko tana iya cinye maka kuɗin man shekara guda a yini ɗaya.

Biren bos ɗin nan, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, cike yake da jadawalin lissafi, shi ke cewa a wannan gudun a wannan nauyin ga yawan man da nozil zai fesa, ga lokacin da fulogi zai ba da wuta, ga iyakar iskar da turbo zai tura. Rimaf shi ne ka goge waɗannan lambobi ka rubuta wasu. Haɗari na farko tun wajen rubutun yake. Lokacin da ake rubutawa makulli a kunne yake amma inji a kashe, fanka da famfon mai da sauran kaya suna ta jan wuta daga batir, shi ya sa masu aikin ke jona na'urar da ke riƙe wuta daram sama da bolt 13 har a gama. In batir ya yi ƙasa, ko kebul ya motsa, ko laftof ya mutu bayan an goge tsohon lissafi kafin sabo ya gama shiga, shikenan biren bos ya zama dutse. Na ga wannan da idona. Wani yaro aka janyo masa mota da igiya har ƙofar gareji, ya ce min aikin ya kai kashi 60 cikin 100 aka ɗauke wuta kuma batirin laftof ɗinsa dama ya gama aiki, na murɗa makulli fitilun dashbod duk sun kama, fanka tana ta ihu ita kaɗai, na sa sikana, wato na'urar da ke karanto matsalar mota, ba ta ma ganin injin balle ta yi magana da shi. Kuma bai ajiye kwafin fayil ɗin motar na asali ba, abin da ya fi ƙona min rai kenan.

Sannan a Mercedes ba kamar yadda mutane ke zato ba ne, a je Panteka ko Ƙofar Ruwa a ciro wani biren bos a maƙala a tafi. Shi da makulli da gidan makulli da abin kulle sitiyari duk a ɗaure suke da juna saboda tsaron ɓarayi, wanda ka sayo na wata mota ba zai tashi taka ba sai an samu wanda ya iya wanke shi ya haɗa su, ko kuma a sayi saitin gaba ɗaya. Kebul ɗin da ka yi oda kuma kusan na tabbata kwaikwayo ne na na'urorin rimaf da ake kira KESS ko K-TAG, na asalin kamfanin Alientech na Italiya ke yin su kuma da tsada sosai. Na kwaikwayon wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya rubuta fayil bai gyara cek-sam ba, wato lambar da biren bos ke dubawa ya tabbatar lissafinsa bai gurɓata ba, in ba ta yi daidai ba mota ba za ta tashi ba.

Amma ni ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba, don shi nan take za ka gani. Wanda ya fi muni shi ne a ce aikin ya tafi lafiya lau, mota ta tashi, ka taka ka ji tana fizga ka ce alhamdulillah. Wannan fayil ɗin waye ya rubuta shi, kuma wace mota ya gwada a kai? Galibi a Turai ake rubuta su, don man da oktan ɗinsa, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi bai fashe da kansa ba, ya kai 95 ko 98, a garin da ake sa rigar sanyi rabin shekara. Mu nan ka shiga gidan mai ba wanda zai tambaye ka wane oktan kake so, abin da ke tanki shi za a zuba maka, balle in ta kama ka sayi na bumburutu a galan. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ita C250 tun daga kamfani mai mai oktan sama aka rubuta mata, injinta 1.8 ne da turbo ke matsa shi har ya ba da doki 201, wato a man da muke sha dama a bakin gaɓa take tafiya, abin da ke ceton ta shi ne sensan da ke jin ƙarar fashewar mai ba bisa ƙa'ida ba, da ya ji sai biren bos ya ja wutar fulogi baya. To fayil ɗin ƙara ƙarfi wannan ratar da kamfani ya bari ita yake cinyewa, ya ƙara iskar turbo ya matso da wuta gaba, wasu marasa tsoron Allah har jin sensan suke ragewa don kada ya dame su.

Abin da ke biyo baya shi ne man yana fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ƙone a tsanake. In kunnenka na da kyau za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da kake hawan tudu ko za ka wuce tirela, amma da gilas a rufe da AC da rediyo yawanci ba ka jin komai. Yana ta cin fistin a hankali. Wanda na taɓa cirowa gefensa inda ring ke zama ya gutsure, samansa kuma kamar an yi masa feshin yashi, mai motar yana rantsuwa jiya-jiya lafiyarta ƙalau.

Zancen rage shan mai kuma, inji mai fetur yana aiki ne a kan iska kashi 14.7 mai kashi 1 a tafiyar yau da kullum, in ka taka sosai sai biren bos ya ƙara mai da gangan don ya sanyaya fistin da turbo. Duk wanda ya tsuke wannan man da sunan tattali zafi ya ƙara maka. Kuma ƙarfi da tattali ba sa haɗuwa a ƙafar da ta ji daɗin fizga, wannan kowa ya sani. Ga giya ita ma da nata lissafin na iyakar ƙarfin da za ta ɗauka, ga sarƙar taimin ta wannan injin da dama an san ta da miƙewa, in kana jin kar-kar da safe in ka tayar kada ma ka yi tunanin rimaf. Masu Corolla da Camry marasa turbo da ke karantawa, ku naku ma abin da za ku samu bai kai kuɗin kebul ba.

Ni shawarata ka fara gano ko motar lafiya take. Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi tafiyarka, ka sake cikawa ka lissafa, kada ka dogara da allon dashbod. A sa mata sikana a duba sensan oksijin da fulogi da koyil da matatar iska, a duba ko an cire tamostat, wato abin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, don makanikai da yawa suna cire shi wai saboda zafin ƙasarmu, sai inji ya ƙi kai zafinsa biren bos ya yi ta zuba mai yana zaton har yanzu safiya ce. A duba indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ko ta toshe ko an sace ta, a duba iskar taya. Sau da yawa a nan ɓarnar take.

In bayan duk wannan har yanzu ranka na son ƙarin ƙarfi, ka nemi wanda zai karanta fayil ɗin motarka na asali ya ba ka kwafi a hannunka, ya duba lafiyar injin kafin ya taɓa komai, ya fita titi da kai da sikana yana kallon yadda wuta ke ja baya a kan man da kake sha. In ya ce minti goma ya gama kuma ba sai an gwada ba, ɗauki makullinka. Shi kuma kebul ɗin tunda ka riga ka biya, ka ajiye shi, ka nemi ƙaramar sikana ta OBD, wato soket ɗin duba mota, mai karanta kod ɗin matsala kawai ka jona ta da motar, ka turo min kod ɗin da ta nuna da lissafin man da ka yi, sai mu ga inda za a fara.