Amsa: Wanda zan aura ya yi kansa yana yaro, za mu haihu?

'Yar'uwa, kin ce ya yi kansar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi, yana ɗan shekara 8, kina tsoron rashin haihuwa da gadon ciwon.

Kan batun gadon ciwon, ki kwantar da hankali: Burkitt ba a gadonta. Cikin waɗanda ake iya gadonsu akwai kansar idon yara, retinoblastoma, musamman idan ta kama ido biyu.

Haihuwa kuwa ta danganta da maganin da aka ba shi. Cyclophosphamide, wanda ake yawan bayarwa a wannan ciwo, yana iya lalata ƙwayoyin da ke samar da maniyyi, gwargwadon yawan da ya shiga jiki. Abin da ke ruɗar mutane shi ne sha'awa da ƙarfin namiji sukan tsira, don haka lafiyar shimfiɗa ba hujja ba ce. Ya nemo takardun jinyarsa, ya yi gwajin maniyyi bayan ƙauracewa fitar da shi na kwana 2 zuwa 7. Idan sakamakon bai yi kyau ba, a maimaita bayan wata 3.

Don Allah ku yi wannan kafin ɗaurin aure, ke ma a duba ki, kada gobe dangi su ɗora miki laifi ke kaɗai.